Takardar da ke Gaban Dutse

Kowace shekara a ƙarshen watan Yuni, wani ƙaramin gari a ƙasar Faransa, can wajen iyakar Jamus, yakan cika da baƙi har wurin kwana ya yi wuya. Sunan garin Sainte-Marie-aux-Mines, watau Maryamu Tsattsarka ta Ramukan Ma'adinai, gama a zamanin dā azurfa ake haƙa a duwatsun da ke kewaye da shi. Ramukan sun daɗe da mutuwa, amma tun shekarun 1960 garin ya sami wata sana'a, ita ce bajekolin duwatsu. Akan tare tituna a kafa fararen rumfuna, ɗaruruwan 'yan kasuwa daga Maroko da Brazil da Madagaska da Pakistan da ƙasar Sin su shimfiɗa hajarsu. Akwai irin wannan kasuwa a birnin Munich na Jamus a watan Oktoba. Akwai kuma babbarsu a Tucson ta Amurka a watan Fabrairu, wadda aka fara a 1955.

Abin da ake bajewa kashi biyu ne. Na fari ma'adinai ne yadda suka fito daga ƙasa, ba a yanka ba, ba a goge ba. Na biyu kuwa ƙasusuwa ne da haƙora da ɓawon halittun da suka mutu tun zamanin da hankali ba ya iya ƙirgawa, har suka koma dutse. Yawancin masu saye ba don ado suke saye ba. Tarawa suke yi, kamar yadda waɗansu ke tara kan sarki na wasiƙa, su jera a akwatin gilashi su riƙa kallo. A gaban kowane dutse kuma akwai wata 'yar takarda da ba ta kai tafin hannun yaro ba. A kanta akan rubuta sunan dutsen, da wurin da aka same shi, da ƙasar. In dutsen ya taɓa zama a hannun wani sanannen mai tarawa, akan ajiye tsohuwar takardarsa tare da sabuwar, domin sunan tsohon mai shi yana ƙara wa dutsen kuɗi.

Kada a raina wannan aiki. Yaron da ya tsaya gaban dutse mai kusurwa shida daidai wa daida, aka gaya masa ba maƙeri ne ya sassaƙa shi ba, haka ya girma a cikin duhun ƙasa, ya koyi wani abu game da aikin Mahalicci wanda wa'azi mai tsawo ba lalle ya koya masa ba. Masu bajekolin nan suna da tsabta wajen suna, suna da kunyar ƙarya a kan wuri. Wanda ya sa wa dutsen Maroko takardar wata ƙasa, in asirinsa ya tonu, mutuncinsa ya zube a kasuwar. Saboda wannan gaskiyar tasu ne ma ya kamata a tuhume su a kan abin da takardar ta yi shiru a kansa. Tana faɗin sunan dutsen, tana faɗin sunan Baturen da ya ajiye shi shekara arba'in a ɗakinsa. Mutumin da ya shiga rami ya fito da shi, ba ta san da zamansa ba.

A irin waɗannan tebura akan ga wani ƙaramin dutse baƙi ƙirin, mai ƙananan huji-huji kamar gawayin da ya sha wuta. Ana ce masa karbonado, daga kalmar Fotugis mai ma'anar abin da ya ƙone. Baƙin lu'ulu'u ne, kuma wuri biyu aka san shi da yawa a duniya: jihar Bahia ta Brazil, da Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya. Masana sun ce ƙasashen nan biyu haɗe suke kafin teku ta raba su. Waɗansunsu ma suna ganin dutsen daga sararin sama ya faɗo, waɗansu ba su yarda ba, gardamar ba ta ƙare ba. Wanda aka tsinta a Bahia a 1895, mai suna Sergio, ya kai karat 3,167, ya fi Cullinan na Afirka ta Kudu, mai karat 3,106, wanda duniya ta fi sani. Karat biyar su ne giram ɗaya. To, mai karatu da ya ga takarda a gaban irin wannan dutse an rubuta Afirka ta Tsakiya, sai ya bi sawunsa da baya. In ya bi, da wuya hanyar ba ta ratsa da shi ta birnin Bangui ba, ta wata unguwa da ake kira Kilomita Biyar.

An ba unguwar wannan suna ne domin nisanta daga tsakiyar gari, wajen bakin kogin Ubangi. Nan ne babbar kasuwar Bangui, nan ne Babban Masallaci, nan Hausawa da Fulani da Barebari da mutanen Chadi da Mali da Senegal suka zauna tun zamanin mulkin Faransa. Titin Koudoukou ya ratsa ta. Sunan wani soja ne ɗan ƙasar, Laftanar Georges Koudoukou, wanda ya bi rundunar Janar de Gaulle, aka yi masa rauni a yaƙin Bir Hakeim a hamadar Libiya, ya rasu a Iskandariya ta Masar a 1942. Shi dai an rubuta sunansa a allo. A bayan shagunan atamfa da kayan gyaran babur na wannan titi da lungunansa ne da yawa daga cikin masu sayen lu'ulu'u na ƙasar suka gina gidajensu suka ajiye iyalansu, ko da cinikin nasu a garuruwan daji yake.

Su ma suna da tebur. Farar takarda a shimfiɗe, ƙaramin ma'auni, madubin ƙara girma da ake karawa a ido, hantsaki, da hasken taga. A nannaɗe dutsen ke zuwa cikin 'yar takarda, a warware shi a hankali, a juya, a auna. Wannan shi ne bajekoli na fari da dutsen ke shiga, sai dai ƙofa a rufe ake yinsa, masu kallo kuma ba su wuce biyu ko uku ba. Wani abin lura, dokar ƙasar da Faransanci tana kiran wannan ɗan kasuwa collecteur, shi kuwa mai akwatin gilashi na Turai ana ce masa collectionneur. Tushen kalmomin ɗaya ne, dukansu masu tarawa ne. Ɗaya yana tarawa ya ɓoye don kada a ƙwace, ɗayan yana tarawa ya nuna don a yaba. A tsakaninsu akwai ofishin saye mai lasisi a Bangui, da hukumar gwamnati da ake kira BECDOR mai ƙiyasta darajar kaya kafin su fita, da jirgin sama zuwa Antwerp ta Beljiyam ko Dubai.

Amma a koma ga ramin. An fara ganin lu'ulu'u a ƙasar a 1914, lokacin tana Ubangi-Shari. Kamfanonin Turawa ne suka riƙe haƙarsa har aka sami mulkin kai a 1960, sa'an nan gwamnatin David Dacko ta buɗe wa 'yan ƙasa ƙofa. Duk lu'ulu'un ƙasar a cikin tsakuwar rafuffuka yake, a yamma wajen Carnot da Berbérati da Nola da Boda, a gabas kuma wajen Bria da Sam-Ouandja. Ba babban rami guda da injuna kamar na Botswana. Mutum ne da shebur da rariya. Da harshen Sango ana ce masa nagbata. Wani rahoto na ƙungiyar International Crisis Group a 2010 ya ƙiyasta yawansu tsakanin 80,000 da 100,000. Sukan kwashe ƙasar sama, wani wuri tsayin mutum biyu ko uku, kafin su kai tsakuwar da ake nema, su yi ta kwarfar ruwa, su jido tsakuwar su wanke ta a rafi suna tsaye cikin ruwa yini guda. Akan yi wata uku ba a ga ko ƙwaya ba. Gefen rami yakan rufta da damina.

Wa ke ciyar da su a waɗannan watanni? Mai tarawa ne. Shi ke ba da garin rogo da gishiri da shebur da man injin jan ruwa, shi ke biyan kuɗin magani in zazzaɓi ya kwantar da mutum, bisa sharaɗin cewa duk abin da ya fito, gare shi za a kawo. Ranar da dutse ya fito kuwa, shi ne mai ma'auni, shi ne mai madubi, shi ya san yadda nauyi da launi da tsabta da siffa ke haɗuwa su ba da kuɗi, shi ke da wayar da ta san farashin Antwerp. Mahaƙin bai san kome cikin waɗannan ba sai nauyin bashin da ke kansa. Yakan karɓi abin da aka miƙa masa, a cire bashi, a raba sauran da mai fili, ya kashe nasa cikin mako biyu a mashaya, ya koma rami. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Adalci ya wajaba a nan, domin ba a gyara ƙarya da ƙarya. Mai tarawa ba ɓarawo ba ne don yana mai tarawa. Kuɗinsa yake zubawa a ramuka goma, watakila ɗaya ya biya. Ba bankin da zai ba mahaƙi rance, ba ofishin gwamnati da zai kai masa shebur. Shi kansa kuma ɗan kasuwan bashi ne a kansa na ofishin saye, ga lasisi mai tsada, ga 'yan sanda da sojoji a kowace shingen hanya, ga 'yan fashi. A watan Oktoba na 2008 gwamnatin Shugaba François Bozizé ta aika jami'ai garuruwan ma'adinai rana ɗaya, aka ƙwace duwatsu da kuɗi da ma'aunai, aka rufe takwas daga cikin ofisoshin saye goma sha ɗaya. Wanda aka taɓa yi wa haka, ba a tambayarsa dalilin da ya sa yake rufe ƙofa. Duk da haka akwai abin da ba ya wankuwa. Ribar wannan ciniki, babban kashinta daga rashin sanin mahaƙi take fitowa, kuma kowa a sarƙar, daga Boda har Antwerp, ya fi son rashin sanin ya dawwama. Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu. A nan akwai masu sayar da fitila da ba su so gari ya waye.

An taɓa baje lu'ulu'un ƙasar a fili mutanen Bangui suka gani da idonsu. Ranar 4 ga Disamba 1977 ce, da Jean-Bédel Bokassa ya naɗa kansa sarkin sarakuna, ya ɗora wa kansa kambi da aka ƙera a Paris, cike da duwatsun da nagbata suka wanko. An kashe kimanin dala miliyan 20 a bikin. Daga wurin naɗin aka zarce babban cocin Notre-Dame aka yi sujada. Paparoma Bulus na Shida bai zo ba, amma ƙofar cocin ta buɗe, wannan kuwa abu ne da Ikkilisiya a ƙasar ba za ta ce ba ta tuna ba. Shekara biyu bayan haka, a watan Oktoba na 1979, wata jaridar Paris, Le Canard enchaîné, ta fallasa cewa Bokassa ya ba Valéry Giscard d'Estaing kyautar lu'ulu'u tun yana ministan kuɗi. Faransawa suka yi ta gardama a kan karat nawa ne, kuɗinsu nawa ne, ya dace shugaba ya karɓa ko bai dace ba, har maganar ta bi shi zuwa zaɓen 1981 da ya faɗi. A duk gardamar ba a ji wanda ya tambayi nawa aka biya masu haƙar ba.

Shirun nan ba kyauta ba ne, an biya kuɗinsa da jini. Gama mutumin da ya tabbata ana cutarsa, amma bai san nawa ba, bai kuma san wa ke cin mafi yawa ba, fushinsa a kan fuskar da ya sani yake sauka. Antwerp ba ta da fuska a Boda. Mai tarawa yana da ita, yana da gida mai rufin kwano, yana da suna irin na Musulmi. A ranar 24 ga Maris 2013 'yan tawayen Seleka suka kama Bangui, suka yi watanni suna kisa da wawashe dukiya, waɗansu 'yan kasuwar lu'ulu'u da aka ƙwace wa kaya a 2008 kuma suna cikin waɗanda aka zarga da tallafa musu. Da 'yan anti-balaka suka tashi a ƙarshen shekarar, ba su bambanta mai bindiga da mai tebur ba, ko mai tebur da matar da ke sayar da ƙosai. A farkon 2014 dubban Musulmin Boda suka zama fursunoni a unguwarsu. A Carnot ɗaruruwa suka fake a harabar cocin Katolika, inda Fada Justin Nary ya tsaya a ƙofa ya ƙi miƙa su. Manyan motoci suka yi ta ɗiban mutane daga Kilomita Biyar zuwa Chadi da Kamaru, waɗanda suka rage kuwa ƙetare iyakar unguwar ya zama sayar da rai. Kiristoci ma sun mutu a bakin unguwar. An kai wa Cocin Fatima hari a watan Mayu na 2014, aka sake a ranar 1 ga Mayu 2018, inda aka kashe Fada Albert Toungoumalé-Baba tare da masu sujada.

Ba a cewa lu'ulu'u kaɗai ya haddasa wannan. Akwai siyasa, akwai shekarun da aka yi watsi da arewacin ƙasar, akwai hannun maƙwabta. Amma wanda ya cire maganar ma'auni daga labarin, ya mai da shi rigimar masallaci da coci kurum, ya yi wa addinan biyu ƙazafi. Abin da ya biyo baya ma ya isa shaida. Da masu tarawa suka gudu, mahaƙan da suka yi murna suka waiwaya ba mai ba su garin rogo. Ramuka suka cika da ruwa. Paparoma Francis ya shiga Kilomita Biyar ranar 30 ga Nuwamba 2015, ya zauna a Babban Masallaci tare da limamai, samarin unguwar suka raka motarsa a kan babura. An yi farin ciki, ya kuwa cancanta. Sai dai ziyara ba ta gyara sikeli.

Duniya ta ce tana da magani, shi ma takarda ce. Tun 2003 akwai Tsarin Kimberley, wanda ya ce kada ɗanyen lu'ulu'u ya ƙetare iyaka sai da shaidar cewa ba 'yan tawaye ne suka sayar da shi don yaƙar gwamnati ba. An dakatar da Afirka ta Tsakiya a watan Mayu na 2013, aka sassauta wa waɗansu yankunan yamma daga 2015, aka ɗage takunkumin duka a watan Nuwamba na 2024 a taron Dubai. A tsakani, masu binciken Majalisar Ɗinkin Duniya sun ƙiyasta a 2014 cewa karat 140,000, na kimanin dala miliyan 24, sun sulale ta ɓarauniyar hanya. A 2017 ƙungiyar Global Witness ta nuna yadda dillalai ke baje hotunan duwatsun a Facebook da WhatsApp. Ko da tsarin ya yi aiki sarai, tambaya ɗaya yake amsawa: bindigar wa kuɗin ya saya? Dutsen da aka karɓa daga hannun mahaƙi a kan rubu'in darajarsa, ko wanda yaro ɗan shekara goma sha biyu ya wanko maimakon zuwa makaranta, tsarkakakke ne a wurin Kimberley muddin ba ɗan tawaye a labarin. Takardar ta fi ta Sainte-Marie girma da hatimi, amma wurin da ta yi shiru ɗaya ne.

A watan Fabrairu na 2022 kamfanin gwanjo na Sotheby's ya sayar da wani karbonado da aka yanka, mai karat 555.55 da fuska 55, wanda aka laƙaba wa suna Enigma, a kan fam miliyan 3.16 na Ingila. Kafin gwanjon an zaga da shi Dubai da Los Angeles da London. An yi ta bayani a kan shekarunsa da ake ƙirgawa da biliyoyi, da taurarin da watakila daga cikinsu ya zo. Abin mamaki, an fi ƙarfin hali wajen faɗin abin da ya sami dutsen a sararin sama a kan faɗin wanda ya sunkuya ya ɗauke shi daga ƙasa.

Mai karatu na Kano ko Maraɗi kada ya ce wannan labarin mutanen kurmi ne. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. A watan Nuwamba na 2023 aka tsinci wani dutse a hamadar jihar Agadez, mai nauyin fiye da kilo 24, wanda masana suka tabbatar ɓallowa ya yi daga duniyar Mars. Ranar 16 ga Yuli 2025 Sotheby's ta sayar da shi a New York a kan dala miliyan 5.3. Sunansa a takarda NWA 16788, watau haruffan da ke nufin arewa maso yammacin Afirka, da lamba. Gwamnatin Nijar ta buɗe bincike a kan yadda ya fita, ta kuma dakatar da fitar da irin waɗannan duwatsu. Ƙasusuwan dā ma haka. A Gadoufaoua ta Nijar Bafaranshe Philippe Taquet ya tono dabbar da ya sa wa suna Ouranosaurus nigeriensis, kuma a nan an yi abin kirki, gama ƙasusuwan na asali an mai da su gidan tarihi na Yamai inda 'yan makaranta ke ganinsu. A ƙasar Sakkwato an tono wata dabbar ruwa ta zamanin da teku ke kwance a wurin, aka sa mata suna Goronyosaurus a 1972, don garin Goronyo. Sunan garin Hausa ke nan yana yawo a littattafan jami'o'in duniya. Yara nawa ne a Goronyo aka taɓa gaya musu?

Ba baƙar fata kaɗai aka yi wa wannan ba. Mary Anning, 'yar wani kafinta matalauci a garin Lyme Regis na Ingila, ta yi rayuwarta tana tono ƙasusuwa a gaɓar teku tana sayar wa manyan masana, su rubuta littattafai a kansu, sau da yawa ba su ambace ta ba. Ta rasu a 1847. Yau an san sunanta, an kafa mata gunki a garinsu. Ashe takarda tana iya koyon sabon layi in an matsa mata.

Littafi Mai Tsarki bai ƙi duwatsu masu daraja ba. A Fitowa sura 28 an umarta a jera guda goma sha biyu a ƙyallen ƙirjin babban firist, layi huɗu, uku-uku. Bajekoli ne sosai. Amma kowane dutse an zana masa sunan kabila ɗaya ta Isra'ila, domin in Haruna ya shiga Wuri Mai Tsarki ya shiga da mutanen a kan zuciyarsa. Dutsen ne ke ɗauke da sunan mutum. Littafin Ayuba sura 28, da zai yi maganar hikima, da mahaƙi ya fara, yana lilo a igiya cikin rami nesa da gari, masu wucewa a sama ba su san yana ƙarƙashinsu ba. Wasiƙar Yakubu sura 5 ta yi magana mai zafi a kan hakkin ma'aikaci da aka danne. Maƙwabta Musulmi kuma suna da sura sukutum a Alƙur'ani a kan masu tauye mudu, ana karanta ta a masallatan Kilomita Biyar. Kenan ba koyarwa aka rasa ba, ta kowane gefe. Coci da masallaci duka sun karɓi buhunan siminti daga hannun wanda dutse ya yi wa sa'a, suka sa albarka, ba su tambayi yadda aka yi awo ba. Wa'azi a kan mahaƙin da ya shanye kuɗinsa yana da sauƙi, ana kuwa yinsa kowace Lahadi a garuruwan yamma. Wa'azi a kan ma'aunin mai bayar da baiko mai tsoka, shi ne ba a cika ji ba.

Za a ce rubuta sunan mahaƙi ba ya yiwuwa. Duwatsu ɗari ake haɗawa a ƙunshi ɗaya, kuma a ƙasar da ake kashe mutum don karat biyu, bayyana wanda ya samu kamar nuna wa kura hanya ne. Maganar tana da ƙarfi a kan ƙananan duwatsun da ke tafiya Antwerp da mudu. Ba ta da ƙarfi a kan dutsen da aka ware shi kaɗai aka sa a akwatin gilashi, gama wanda ya iya bin tarihin masu shi har shekara ɗari baya, ya iya tambayar sunan rafi da ƙauye da ƙungiyar da ta haƙa, da abin da aka biya ta, in ya ga dama. Mai saye a Tucson da ya ƙi dutse don ba a rubuta sunan ramin ba, ya riga ya nuna cewa kasuwa tana biyayya ga abin da masu saye suka nace a kai.

Amma babban gyaran ba a Faransa yake ba. Daga 2007 wani shiri da Amurka ta tallafa ya koya wa waɗansu mahaƙa a yankin Boda yadda ake duba dutse a ƙiyasta kuɗinsa, ya kuma taimake su samun takardar shaidar filayensu. Ƙaramin abu ne, yaƙi kuma ya katse shi, amma ya nuna ilimin ba sihiri ba ne. Madubi da ma'auni da 'yan makonni na koyo sun isa mutum ya daina sayar da saniya a kuɗin akuya. Abin da bajekolin Turai ke da shi wanda Titin Koudoukou ba shi da shi, shi ne buɗaɗɗen tebur: kaya a fili, kuɗi a rubuce, mai saye fiye da ɗaya, yaro kuma yana iya tsayawa ya yi tambaya. 'Yan kasuwar Kilomita Biyar sun nuna a watan Disamba na 2019 cewa suna iya haɗa kai, ranar da suka ƙi ci gaba da biyan haraji ga 'yan bindigar da suka ce suna tsaron unguwar, ko da yake an yi asarar rayuka da shaguna. Masu wannan zuciya ba za su kasa kafa rumfa guda ba, ko kwana biyu a shekara, inda za a jera farin lu'ulu'u da mai ruwan ƙwai da baƙin karbonado, kowanne da nauyinsa da sunan rafinsa da kuɗinsa a Carnot da kuɗinsa a Antwerp, a gayyato ƙungiyoyin mahaƙa daga Boda da Nola da Bria, da 'yan makarantar Fatima da almajiran Babban Masallaci. Ribar karat za ta ragu a hannun waɗansu, ba shakka, su ne kuwa za su fara cewa ba tsaro. Ma'aunin da za a ɗora a teburin, a bar shi a hannun mutum biyu, ɗaya daga kwamitin masallaci, ɗaya daga majalisar coci, kowane awo kuma a faɗe shi da ƙarfi da Sango da Hausa.